Abin da Tafireta Ta Riƙe

Shekara talatin da ɗaya ina buga masa takardu,
ni Morfudd, 'yar mai gasa burodi a Brynhelyg.
Da rana ƙarar kotu, da dare ƙagaggen labari,
duk a tafireta ɗaya mai gurgun harafi,
har nakan manta wanne ne na alƙali.

Idwal Prydderch, ɗan mai fasa dutsen rufi.
Ubansa a zaune ya cika, kwanciya ta gagare shi,
ƙurar dutse ta riga ta yi gida a ƙirjinsa.
Shekara bakwai yaron yana jin tarin ta bango.
Ranar da aka yi shiru, barci ya ƙaurace masa.

Ya sa baƙar riga da hular gashin doki
mai yi masa ƙaiƙayi a ƙeya,
ya tsaya wa Eluned Tegid, matar mamaci,
da Turanci, harshen da mijinta bai taɓa roƙon Allah da shi ba.
Likitan kamfani ya ce taba ce ta kashe shi.
Alƙali ya dubi agogo.
Suka fito cikin ruwan sama, ba ko sisi,
ta miƙo masa ƙwai shida a ƙyalle, ladan aiki.
Ya karɓa. Ƙin karɓa ya fi ciwo.

A daren ya fara littafinsa na uku.
Abin da kotu ta hana ta faɗa
ya mayar mata a baki, da yaren uwarta.
An karanta shi a ɗakunan girki,
an yi ta aronsa gida-gida har bangon ya fita.
Amma littafi ba ya sa hannu a takardar diyya.

Sai ya tsaya zaɓe.
Ƙofa-ƙofa, takalmi jiƙe, karnukan makiyaya a bayansa.
A wani ƙauyen tumaki sun fi masu sauraro yawa.
Ya ci da ratar ƙuri'a ɗari biyu da sha ɗaya.
Tsohuwarsa ko kai ba ta ɗaga daga saƙa ba,
ta ce Landan ba ta mayar da mutum yadda ta karɓe shi.

Jirgin ƙasan Litinin, bencin baya a majalisa.
Sau tara ya miƙe kafin a ambaci sunansa.
Ya koyi jira, ya koyi gudu in an kaɗa ƙararrawa,
ya koyi dariya ga barkwancin da ba gishiri.
Sau biyu ya jefa ƙuri'a inda zuciyarsa ba ta je ba
don a ba shi minti goma kan huhun mahaƙa.
Ya faɗa mini da kansa, idonsa kan taga.
Kowa ya ci ladan kuturu, na ce.
Bai amsa ba.

Dokar ta fito bayan shekara goma sha huɗu,
an yi mata aski har ta koma rabi.
Eluned ta yi kaka biyu a ƙasa.
Jikanta ya karɓi kuɗin, ya sayi babur.

Zaɓe na gaba suka kayar da shi.
Wasu sun ce ya zama ɗan Landan,
wasu sun ce dama can marubuci ne, me ya kai shi?
Ya dawo da jaka ɗaya, da hular nan da asu ya ci,
ya ce, Morfudd, sa sabuwar takarda.

Mun kai shafi na tamanin da takwas.
Yana zagaya ɗaki, hannu a baya, yana faɗa ina bugawa:
"Sai tsohon ya ja numfashi, ya dubi ɗansa, ya ce..."
Ya tsaya. Ya ce shayi ya huce, gobe ma rana ce.

Takardar tana nan a bakin tafireta.
Ina goge mata ƙura duk Asabar.
Na san muryarsa, da zan iya ƙarasa masa.
Yatsuna sun kai kan haruffa sau da yawa,
sai in tashi in ɗora ruwa a wuta.